Daga Teksas: tukunyar gas da zafin Sakkwato

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan uwana na Sakkwato, ina gaishe ku daga jihar Teksas ta Amurka. Wannan tukunyar da kuke gani a gabana furofen ne a cikinta, wanda shi da ɗan uwansa butan su ne iskar gas ɗin da ake ɗura muku a Mabera ko Runjin Sambo.

Idan na girgiza ta za ku ji motsin ruwa, domin matsi ne ya mayar da iskar ruwa. Da zarar ta samu kafa kuwa, lita 1 tana komawa iska wajen lita 270. Saboda haka ba a cika tukunya maƙil, ana tsayawa ne a kashi 80 cikin 100, a bar wa ruwan wurin kumbura idan ya ji zafi. A nan akwai wata 'yar na'ura a cikin bakin tukunyar da ke datse ɗurin da kanta. A gida kuwa, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, mai roƙon a ƙara masa gyara sannan ya ɗaure tukunyar a bayan kabu-kabu cikin rana tsaka, wallahi ba arha ya samu ba.

Abin da ya fi damuna shi ne nauyinta. Furofen ya fi iskar da muke shaƙa nauyi da kusan rabi, don haka idan ya tsiyaye ƙasa yake kwantawa, ya bi dandaɓe ya taru a lungu, daidai inda yara ke barci a kan tabarma. Kashi 2 kacal cikin 100 na iskar ɗaki ya isa ya kama da wuta, kuma ƙyallin makunnin lantarki ma yana iya tayar da shi.

Warin nan da kuke ji, asali gas ba shi da shi, da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi. A wannan jihar ta Teksas aka wajabta hakan bayan fashewar makarantar New London a 1937, inda kusan mutum 300, galibinsu ɗalibai, suka rasu saboda iskar gas ta taru a ƙarƙashin ginin babu wanda ya ji.

To, Hajiya, idan kin ji warin, ki rufe kan tukunyar, ki buɗe ƙofa da tagogi, kada ki taɓa makunni, ki fitar da yara waje. Wajen neman inda ke yoyo kuma kada a kusanto da ashana. Ga yadda ake yi: na shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo da kan tukunya, ku duba da kyau, duk inda kumfa ta riƙa tasowa nan ne ɓarakar, kuma tiyon da ya tsattsage sauya shi ake yi, ba a naɗe shi da leda.