Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishiniyar Al'adu daga Kwamitin Shirya Gasar Sarauniyar Kyau

Assalamu alaikum. Ranki ya daɗe, a madadin wannan kwamiti da 'yan takara da iyayensu, muna yi miki barka da zuwa, tare da fatan kin iso lafiya. Kowa ya shaida yadda kika rungumi harkar al'adu da ci gaban 'ya'ya mata, shi ya sa ba mu ji nauyin fara gabatar da kukanmu ba: muna roƙon a ba mu aron babban ɗakin taro na ma'aikatarki domin daren ƙarshe na gasar bana.

Harkar nan tana da tarihi. Tun 1957 jaridar Daily Times ta fara gasar Miss Nigeria, inda Grace Oyelude ta ɗauki kambin farko. A 2001 Agbani Darego ta lashe gasar Miss World, sannan a 2021 Shatu Garko ta zama Miss Nigeria sanye da hijabinta, abin da ya rufe bakin masu cewa ba a shiga gasar kyau sai an zubar da mutunci. Tamu gasar a kan wannan turba take, kuma da kuɗin aljihunmu muka rene ta, ba tare da ko sisin gwamnati ba.

Sai dai bara mun ga tasku. Ana saura 'yan kwanaki masu wurin da muka kama suka janye, muka koma fili, wuta ta ɗauke ana tsakiyar zagayen tambaya da amsa, har alƙalai suka haɗa maki da fitilar waya. Yaran da suka shafe watanni suna koyon tafiya da iya magana gaban jama'a, a cikin duhu aka ɗora wa zakararsu kambi.

Ranki ya daɗe, daren ƙarshe ba a shirya shi da safiyar ranar. Sai an kafa dandamali, an saita fitilu da lasifikoki, an keɓe ɗakin sauya kaya da mata kaɗai ke shiga, kuma kowace yarinya ta taka dandamalin ta san inda za ta tsaya ta juya. Saboda haka muke roƙon a miƙa mana makullin ɗakin kwana uku kafin ranar, haɗe da janareta da mai kula da shi. Jami'an tsaro a ƙofa ma muna so, amma idan abu ɗaya za a yi mana, to ɗakin nan ne, kuma takardarmu tana ofishinki tana jiran sa hannunki.

Allah ya ƙara girma, ya mayar da ke gida lafiya.