Kalsiyom Ya Hau, PTH Ya Sauka: Lacca Kan Mai Ciwon Dajin Huhu Da Ya Fara Ruɗewa

An rubuto wannan bayani daga rikodin laccar da aka yi wa ɗaliban likitanci da ma'aikatan jinya a Maradi. An rage gaishe-gaishen farko.

Assalamu alaikum. Malamaina da ke zaune nan gaba, majo-majo, ƴan'uwa ɗalibai, barkanku da haƙurin zafi.

Ku ɗauka an kawo muku dattijo ɗan shekara sittin da ƴan kai, tsohon mai shan sigari, wata uku yana tari, ya rame. Ba tarin ne ya kawo shi yau ba. Ƴaƴansa sun ce kwana biyar ke nan Baba yana magana ba kan gado, yana kwankwaɗar ruwa kamar raƙumi, fitsari ba ƙaƙƙautawa, bayan gida kuma ya ɗauke. Kowace alama a cikin huɗun nan tana da fassararta a gida. Ƙishirwa, ai watan Afrilu ne, zafi ya haura digiri 40. Fitsari, wataƙila diyabet. Rashin bayan gida, basir. Ruɗewa kuwa, wani zai ce tsufa, wani zai ce iskoki. Mu kanmu a asibiti, da mun ga hoton ƙirji da ƙari a ciki sai mu ce ciwon ya hau ƙwaƙwalwa, mu sassauta hannu. Alhali awo guda mai sauƙi, na kalsiyom a jini, yana iya haɗa alamomin nan duka wuri ɗaya, kuma abin da yake nunawa yana da magani.

Babban mutum yana ɗauke da kalsiyom wajen kilo guda a jikinsa, kashi 99 cikin ɗari yana ajiye a ƙashi. Ɗan abin da ke yawo a jini jiki yana tsare shi ƙwarai, tsakanin 2.2 da 2.6 mmol a lita. Labo da yawa a nan da miligiram a lita suke rubutawa, to ku riƙe cewa mmol ɗaya miligiram 40 ne, wato iyakar ta kama daga 88 zuwa 104. Masu gadin wannan iyaka wasu ƴan ƙulle-ƙulle ne guda huɗu a wuya, kowane bai wuce ƙwayar shinkafa ba, maƙale a bayan tiroyid, naman nan da ke kumbura ya zama maƙoƙo. Sunansu paratiroyid, homon da suke fitarwa kuma PTH. In kalsiyom ya sauka suka saki PTH, aiki uku yake yi: ya kwance kalsiyom daga ƙashi, ya sa ƙoda ta riƙe kalsiyom ta zubar da fosfat, ya kuma sa ƙodar ta kunna bitamin D don hanji ya tsotsi na abinci. In kalsiyom ya hau, sai su yi shiru. Wannan shirun shi ne zuciyar laccar yau.

Tun 1941 wani likitan Boston a Amurka, Fuller Albright, ya lura da mai ciwon dajin ƙoda wanda jininsa ya yi kama da na mai yawan PTH, kalsiyom sama, fosfat ƙasa. Ya yi zaton ƙarin ne ke ƙera homon ɗin. Shekaru aka kwashe ana neman PTH a jinin irin waɗannan majinyata ba a samunsa yadda ake tsammani. Sai a 1987 aka tsamo ainihin mai laifin, kuma ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da suka yi aikin, ta T. J. Martin a Melbon ta Ostareliya, daga ƙwayoyin ciwon dajin huhu ta ciro shi. Aka sa masa suna PTHrP, wato furotin ɗan'uwan PTH. Shi PTH sarƙa ce ta amino asid 84. PTHrP ya fi shi tsawo, amma a goma sha ukun farko guda takwas iri ɗaya ne. Ku ɗauke shi kamar makullin da aka yanko a kasuwa: kansa daban, amma haƙoransa sun isa su buɗe kwaɗo guda da na asali, a ƙashi da a ƙoda. Kuma ba baƙo ba ne a jiki. Nonon mai shayarwa yana yin sa, mabiyiya tana yi, fata ma tana yi. Bambancinsa da PTH shi ne ƙari ba ya jin tsawa. Kalsiyom ya kai ko ina, shi dai zubo shi yake yi.

Cikin masu ciwon daji da kalsiyom ya hau musu, wajen takwas cikin goma ta wannan hanya ce. Kusan duk sauran kuma ciwon ne ya sauka a ƙashi yana cinye shi kai tsaye. Ƙarin da ke ƙera PTH na gaske akwai shi, amma ƙalilan ne ainun, kada ya zama farkon abin da zai zo muku a rai. A huhu, irin da ya fi yin wannan aiki shi ne wanda takardar labo ke kira epidermoyid, mai ƙwayoyi irin na fata, kun ga dalilin da ya sa PTHrP ba baƙonsa ba ne. Yakan tsiro kusa da manyan bututun iska, yana da alaƙa mai ƙarfi da taba. Ciwon dajin huhu mai ƙananan ƙwayoyi kuwa ba kasafai yake ɗaga kalsiyom ba, shi ya fi saukar da sodiyom.

A nan akwai tarkon da ya shafe mu musamman. Epidermoyid yana ruɓewa a tsakiya ya yi kogo, a hoton ƙirji ya yi kama da tarin fuka. Tarin fuka kuma shi ma yana iya ɗaga kalsiyom, amma ta wata hanya: ƙwayoyin garkuwa da ke kewaye cutar ne ke kunna bitamin D ba bisa ƙa'ida ba. Saboda haka kogo a huhu da kalsiyom mai yawa bai raba muku gardama ba. A aika majina GeneXpert, awon gano tarin fuka. In ta dawo babu komai, mutum tsoho ne mai tarihin sigari, an yi wata biyu ana maganin tarin fuka yana ƙara ramewa, to a daina jiran wata na shida, a nemi sikana da tsinken nama.

Yanzu awon kansa. Kada a ɗaure hannu da roba a daɗe kafin a ja jini, yana ƙara adadin. Kada a zuba a kwalba mai jan-shuɗin murfi ta awon ƙwayoyin jini, sinadarin cikinta yana kame kalsiyom, sakamako ya fito ƙasa warwas. Sannan duk wanda ya rubuta kalsiyom bai rubuta albumin ba, wato babban furotin ɗin jini, rabin aiki ya yi. Wajen kashi 40 cikin ɗari na kalsiyom ɗin jini a goye yake a bayan albumin, mai ciwon daji da ya rame kuwa albumin ɗinsa ƙasa yake, don haka jimillar tana yaudara. Lissafin shi ne a cire albumin daga 40, a ninka da 0.02, a ƙara a kan abin da labo ta bayar. Dattijonmu kalsiyom 2.6, albumin giram 25 a lita. 40 a cire 25, saura 15, sau 0.02 ya ba da 0.3. Ashe 2.9 yake, ga takarda tana cewa lafiya lau. Lissafin kimantawa ne, inda ake iya awon kalsiyom sakakke ya fi. Ƙasa da 3.0 mai sauƙi ne, 3.0 zuwa 3.5 matsakaici, sama da 3.5 gaggawa ce. Amma ku dubi mutum kafin lamba: wanda nasa ya hau cikin mako guda yana iya ruɗewa a 3.1.

Sai PTH, wanda yakan zauna tsakanin 15 da 65 pg a mililita. Awon PTH na yau da kullum ba ya ganin PTHrP ko kaɗan. To in kalsiyom yana sama PTH ya faɗi ƙasa da 20, paratiroyid suna aikinsu daidai, sun yi shiru, ɓarawon daga waje yake. In ga ƙari a huhu, ga fosfat ƙasa, kusan kun gama, ba sai kun ɗora wa iyali kuɗin awon PTHrP ba, wanda ma ba kowace labo ke yi ba kuma jinin yana son ƙanƙara. In kuwa kalsiyom yana sama PTH ma yana sama, ko yana zaune a tsakiya kamar ba abin da ya faru, wannan ba daidai ba ne. Mafi yawa ƙulli ne a ɗaya daga paratiroyid ɗin, cuta daban da ta haɗu da ciwon dajin, kuma aikin tiyata ƙarami yana warkar da ita. Mutum yana iya ɗaukar cuta biyu.

Me ke kashe majinyacin? Bushewa. Kalsiyom mai yawa yana hana ƙoda tattara fitsari, ruwa ya yi ta zuba. Tashin zuciya ya hana shi sha. Jini ya ragu, ƙoda ta rage tacewa, kalsiyom ɗin da ya kamata ya fita ya tsaya, ya ƙara hawa. Haka abin ke zagayawa har suma. Shi ya sa maganin farko ruwan gishiri ne na 0.9, ba na sukari ba, don sodiyom ne ke jan kalsiyom su fita tare. Mililita 200 zuwa 300 a awa da farko, sannan a rage gudu, jimilla ta kai lita 3 zuwa 4 a yinin farko, wato kwalba shida zuwa takwas ta rabin lita. Abin nema fitsari mililita 100 zuwa 150 a awa, kuma a auna shi, ko da a gorar da aka yi wa zane ne. Tsoho mai raunin zuciya ko ƙoda a rage gudu, a riƙa sauraron ƙirjinsa. Furosemid, maganin sa fitsari wanda kuka fi sani da Lasilix, an daɗe ana koyar da a haɗa shi tun farko. A bari. A jikin da ya bushe ƙara busar da shi yake yi. Wurinsa sai in ruwa ya yi yawa. A duba ledar magungunan da iyali suka zo da ita: maganin tansiyo mai idrokolorotiyazid, ƙwayar kalsiyom, bitamin D, duk a tsayar. Mai shan digoksin, maganin zuciya, a yi hattara ƙwarai, kalsiyom yana ƙara dafinsa a zuciya. Potasiyom da magneziyom za su bi fitsari, a auna a mayar.

Ruwa kaɗai ba ya rufe ɓarakar, don ƙashi yana nan yana zuba. Maganin da ke tsayar da narkewar ƙashi shi ne asid zoledronik, miligiram 4 a cikin ruwa mililita 100, ta jijiya, kada ya gaza minti 15. In babu, pamidronat miligiram 60 zuwa 90 cikin awa biyu zuwa huɗu. A fara shayar da jiki a duba kireyatinin, awon aikin ƙoda, tukuna, don suna taɓa ƙoda, gudu kuwa shi ya fi ɓata ta. Kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawa: an ba da yau, gobe an auna ba canji, an ce jabu ne. Sai kwana biyu zuwa huɗu yake fara aiki, ya kai ƙarshen ƙarfinsa wajen mako, kuma ba a maimaitawa kafin kwana bakwai. Zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi sukan biyo baya a kwanakin farko. A garinmu nan take za a ce palu ne, zazzaɓin cizon sauro, to a yi gwaji kafin a ɗora magani. Wanda ya haura 3.5 yana ruɗe, kalsitonin, allurar homon mai saukar da kalsiyom, ita ce gadar da ke riƙe shi kafin zoledronik ya iso: yunit 4 a kowane kilo ƙarƙashin fata duk awa 12, mai kilo 50 yunit 200 ke nan. Cikin awa huɗu zuwa shida take aiki, amma kaɗan take saukarwa, bayan kwana biyu zuwa uku jiki ya daina jin ta. In ƙoda ta lalace ko zoledronik ya gaza, akwai denosumab miligiram 120 ƙarƙashin fata, mai tsada, kuma yana iya kai kalsiyom ƙasa fiye da kima ga mai ƙarancin bitamin D. Pirednizon kuwa na hawan kalsiyom ne da tarin fuka ko limfoma, ciwon dajin kaluluwa, suka jawo, a kan PTHrP ba ya taɓuka abin kirki. Wankin ƙoda shi ne na ƙarshe.

Wata majo ta yi tambaya daga baya: ko a hana shi fura da nono, kuma me za a gaya wa iyali?

Hajiya, kada a hana. Kalsiyom ɗin daga ƙashinsa yake fitowa, ba daga ƙwarya ba, mutum ne kuma da ke neman abin da zai riƙe shi. A ba shi ruwa lita biyu zuwa uku a yini in zuciya ta yarda, a tashe shi ya taka ko zuwa bakin zaure, don kwanciya tana ƙara narkar da ƙashi. In azumi ya zo, yana cikin waɗanda aka yi wa rangwame. Iyali kuwa a gaya musu gaskiya da taushi. Hawan kalsiyom a ciwon dajin huhu yawanci alama ce ciwon ya yi nisa, sau da yawa maganar makonni ce ko ƴan watanni. Zoledronik yana riƙewa mako uku zuwa huɗu, in ba a taɓa ƙarin ba abin zai dawo, kuma a kan PTHrP riƙon ya fi gajarta, don maganin ƙashi yake karewa, ƙoda tana nan tana amsa kiran makullin jabu. Kwanakin da hankalinsa ya dawo su ne na yanke shawara tare da shi: ko za a ɗauki hanyar Yamai, sama da kilomita 600, zuwa cibiyar ciwon daji ta ƙasa don kimiyo ko gashin ƙari da haske, ko za a zauna gida a kula da raɗaɗi. In tafiyar za a yi, a auna kalsiyom da kireyatinin kwana ɗaya kafin a hau mota, a rubuta ranar da aka ba da zoledronik a saman takardar turawa, a kuma sa jarkar ruwa kusa da shi.