Tsohuwar Gaɓar Tafkin Chadi: Yaya Aka San Inda Ruwa Ya Taɓa Kaiwa?

(An rubuto laccar nan daga sautin da aka ɗauka a wata makarantar sakandare a karkarar Haɗejiya, jihar Jigawa.)

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe mai gari, iyayena, malamai da ɗalibai, barkanmu da war haka.

Kogin Haɗejiya da ke wucewa ta ƙasarmu, in ya haɗu da na Jama'are sai ya zama Komadugu Yobe, ƙarshen tafiyarsa kuwa Tafkin Chadi. Kun sha ji a rediyo cewa tafkin ya ƙafe: a farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, bayan farin shekarun 1970 da 1980 kuma ya dawo wajen kashi ɗaya cikin goma. Haka ne. Amma wa ya ce girman da ya yi a 1960 shi ne girmansa na asali?

Hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat sun soma ne a 1972. Gabanin haka akwai rubuce-rubucen matafiya Turawa irin su Denham, wanda ya isa bakin tafkin a 1823, da Barth a 1851. Daga nan takarda ta ƙare, sai a koma tambayar ƙasa da kanta.

Shaida ta farko tudu ce. Akwai wani dogon tudun yashi da ya ratsa ta Bama da Maiduguri ya miƙa arewa maso yamma. Igiyar ruwa ce ta tara shi, tsohuwar gaɓa ce. Da aka auna, sai aka ga yana wajen mita 320 sama da teku, alhali ruwan tafkin yau yana wajen mita 280. Mita arba'in ke nan, jama'a! Aka bi wannan layi a taswira har cikin Chadi da Nijar, sai ga tafki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 350,000, ya kusa kamo Tekun Kasfiya na yau, tafki mafi girma a duniya. Maiduguri a bakin ruwa take ke nan, da a ce akwai ta.

To yaushe? Nan ne aikin yake da wuya. Mai haƙa rijiya ya san ƙasa hawa-hawa take: yashi, laka, sannan wani yashin. Masana suna karanta ta haka nan, laka alamar ruwa ya kwanta, yashin iska alamar fari. In sun sami ɓawon katantanwa a cikin lakar, sai su auna sinadarin kabon-14 da ya rage a jikinsa, domin rabinsa yana ƙarewa duk shekara 5,730. Sai dai katantanwa takan yi ƙarya. In ruwan da ta rayu a ciki yana ɗauke da tsohon kabon daga duwatsu, sai awo ya ba ta shekarun da ba nata ba. Shi ya sa ake haɗawa da awon ƙwayar yashi, wanda ke nuna yaushe rabonta da hasken rana. Ni dai in shaida biyun nan ba su yi daidai ba, ba na sakin jiki da lissafin. Inda suka haɗu, sun nuna babban tafkin yana cike wajen shekara 7,000 da suka wuce.

A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna ta jihar Yobe, ya ci karo da kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda aka auna shekarunsa kusan 8,000. Hazon hunturu ma da ke tsattsage muku leɓe, da yawansa daga kwarin Bodele na Chadi yake tasowa, busasshiyar lakar gindin tafkin ce. Jigayin da kuke noman gero a kai kuwa sun girmi babban tafkin, iska ce ta jera su a wani zamanin fari da ya gabace shi.

Kada wani ya fita nan ya ce malam ya wanke madatsun ruwa daga zargin rage ruwa. Tiga da aka gama a 1974 da Challawa a 1992 sun rage ambaliyar da fadamun Haɗejiya da Nguru suka dogara da ita, masunta da manoman shinkafa sun gani a jikinsu. Amma shi tafkin, kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke kai masa daga kogunan Chari da Logone yake zuwa, rabon kogin namu ɗan kaɗan ne. Daminar can kudu, a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Kamaru, ita ke cika shi ko ta rage shi.

Mai tambaya ya ɗaga hannu, mu fara da ɗalibai.