Jawabin maraba da babban baƙonmu Farfesa daga Zariya, a harabar makarantar unguwarmu a Gadarif, ƙasar Sudan

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Sarkin Hausawan unguwa Allah ya ja zamaninka, malamanmu limamai Allah ya gafarta muku, iyayenmu mata da suke can ƙarƙashin rumfa tun hantsi, matasan lajanar gini wato kwamitin gininmu, sai kuma babban baƙonmu na yau, Farfesa injiniyan gine-gine da ya taso tun daga Zariya ya sauka Port Sudan ya sha doguwar hanyar nan ta Kasala har ya iso mana Gadarif, ranka ya daɗe sannu da zuwa, sannu da hanya, lale marhabin. Wallahi a wannan lokaci da yawanci fita ake yi daga ƙasar nan, mutum ya shigo takanas don ya ga aji huɗu na makarantar talakawa, mu dai bamu ɗauke shi ƙaramin abu ba.

Ranka ya daɗe gida ka zo. Kakannin mafi yawan mutanen da ke zaune gabanka da ƙafa suka taho daga Kano da Katsina da Haɗeja da Sakkwato da niyyar aikin Hajji, wasu kuma bayan yaƙin Burmi na 1903 suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, garin da suka kafa a bakin Kogin Nilu yana nan da sunansa kusa da Sinnar. Anan Gadarif noman dawa da riɗi ne ya riƙe su. Sun zo da allo da fartanya, sun zo da hannun gini kuma, kakana har ya rasu yana maganar tubali da makuba da azara, yana cewa a ƙasarku akwai masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa da azara tun ƙarni na 19. Toh da aka ce mana baƙon daga Zariya yake, kuma aikinsa kenan gini mai ɗorewa, sai dattawa suka ce a faɗa masa gaskiyar komai kar a ɓoye masa tsaga ko ɗaya.

Abinda ya kai mu ga aikin nan kowa ya sani. Yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, Wad Madani ta faɗi a Disamban shekarar, Sinja ta biyo baya a tsakiyar 2024, jama'a suka yi ta kwararowa Gadarif, makarantu suka koma masaukin 'yan gudun hijira, yaranmu suka zauna a gida ba karatu. Muka ce ko aji kaɗan ne mu tada da gayya, abinda Larabawan nan suke kira nafir. Da muka je kasuwa sai jikinmu ya yi sanyi, siminti daga Atbara yake zuwa, can masana'antar take tun 1947, hanya ga nisa ga tsadar gas ga jine, kuɗin ƙasar nan, kullum faɗuwa yake, farashin da aka faɗa maka da safe ba shi zaka tarar da la'asar ba. Jan bulo na kamina, wato wurin ƙona bulo, kuma itace yake ci kamar ba gobe, kuma mu manoma ne mun ga yadda dajin bagaruwa da ɗakwara ya ja baya a idonmu, ba sai an karanta mana a takarda ba. Ance siminti kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, mu gaskiya ba nan muka fara ba, aljihu ne ya fara koya mana, daga baya muka gane ashe hanyar ɗaya ce.

Shi ne muka koma bulon ƙasa da ake matsewa da injin hannu, irin wanda aka yi aiki da shi a Darfur, mudu ɗaya na siminti a wajen mudu 15 zuwa 20 na ƙasa, ba ƙonawa ba itace.

Yanzu ga inda muka sha wuya, kuma anan nake so ka buɗe mana kunne sosai ranka ya daɗe. Ƙasar Gadarif baƙar laka ce, ita ke bamu dawa da riɗi, amma ita ce babbar abokiyar gabar magini. Da damina ta sha ruwa ta kumbura ta ɗaga gini sama, da rani ta bushe ta dare har kana iya zura hannunka zuwa gwiwar hannu, ginin ya sake sauka ƙasa, shekara biyu uku ana wannan hawa da sauka sai kaga bango ya tsage daga kusurwar taga ya nufi sama a karkace. Shi yasa mutanen da suka riga mu suke yin gutiyya, ɗakin nan mai jinka, don bata da nauyi, ƙasa ta motsa ta motsa tare da ita. Mu a aji biyu na farko mun yi gaggawa, damina ta matso, muka haƙa tushe bai kai yadda ya kamata ba, bamu kwashe lakar mun cike da yashi da tsakuwa ba, kuma bamu ɗaura ɗamarar kankare a sama ba saboda rodi ya gagare mu. Damina ɗaya bangon gabas ya tsage. Ranar da na gani ban iya cin abinci ba, don kuɗin nan har da na matan da suke saida shayi a bakin kasuwa suka cire daga cinikinsu. Aji biyu na baya mun gyara, mun zurfafa tushe, mun yi ciko, mun ɗaura ɗamara ƙasa da sama, mun yi daɓe kewaye da ginin don kar ruwa ya kwanta a gindin bango, mun miƙar da bakin rufi ya fito sosai, kuma alhamdulillahi har yau ko layin gashi babu.

Ita kanta baƙar lakar bata yin bulo, fashewa take, dole aka riƙa ɗauko jar ƙasa mai yashi-yashi daga nesa, kuɗin mota ya cinye rabin rangwamen da muke murna da shi. Sai ruwa. Bulon nan yana son a lulluɓe shi da leda ana yayyafa masa ruwa har wajen kwana 28 kafin ya yi ƙwari, a garin da ruwan sha ma sai an jira karo na jaki, madatsar Atbara da Sitit an buɗe ta tun 2017 amma har yanzu unguwanni irin namu jarka muke bi. Wasu yaran suka riƙa tsallake yayyafin don tausayin kuɗi, bulon da aka yi a satin nan da farce kake kankare shi, dole muka ware shi gefe.

Akwai kuma abinda ya fi laka wuyar sha'ani, wato zuciyar mutane. Kana cewa ƙasa sai ace maka ginin talauci, wani uba ya ce min shi ɗansa ba zai zauna a ajin jalus ba, wato ajin bangon ƙasa. Ban ga laifinsa ba, duk wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta rushe ko ta lalata gidaje sama da dubu 100 a Sudan har aka sa dokar ta-ɓaci ta wata uku, ko ya ji labarin fashewar madatsar Arba'at a Agustan 2024, dole ya ji tsoron bangon ƙasa. Abinda na yi kawai na kamo hannunsa da azahar a watan Afrilu na shigar da shi ajin, sannan na kai shi shagon bulon siminti mai rufin kwano da ke tsallaken hanya, ya ji bambancin da jikinsa. Tagoginmu suna kallon juna iska na ratsawa, rufin yana da tsayi da silin na tabarma a ƙasan kwano, ba fanka ba kaharaba wato lantarki amma yara suna karatu har a tashi. Yau ɗan nasa yana cikin masu yi maka waƙar maraba ɗazu. Darbejiyar da ka gani mun dasa ta nesa da bango da gangan, wani tsohon magini ne ya gargaɗe mu cewa saiwarta na tsotse ruwan laka ta ja gini.

Toh ranka ya daɗe, buƙatarmu ba ta allon suna a bango bace. Injin matse bulon da muke aiki da shi aro ne, mai shi na iya karɓa gobe, muna so a taimaka mana da namu, ko ma zanensa kawai, maƙeranmu na kasuwa masu walda zasu iya ƙera shi. Muna so ka zauna da matasan nan ko kwana biyu ne ka nuna musu yadda ake gwada ƙasa da kwalba da ruwa a gane yashinta da lakarta kafin a ɓata siminti, yawancinsu yaƙi ne ya katse musu jami'a, akwai 'yan mata biyu cikinsu da suka fara karatun injiniya a Madani, su suka riƙe mana lissafin bulo kaf. Sannan ka sa mana baki wajen hukumar mahaliyya wato ƙaramar hukuma, don har yanzu in ka je neman izinin gini da bulon ƙasa sai a riƙa kallonka kamar baka san abinda kake yi ba, maganar mutum irinka tana da nauyin da tamu bata da shi. Mutane sun fara komawa Madani da Khartum, gidaje dubbai ne za a sake tadawa, in duk da itacen kamina za a yi su ban san dajin da zai rage mana ba.

Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara girma da lafiya, ya maida kai gida lafiya ka tarar da iyali lafiya, ka gaida mana mutanen Zazzau. Allah ya kawo mana ƙarshen yaƙin nan.

Iyaye mata sun haɗa jabana wato gahawa, da asida wato tuwo, suna jira, amma Sarki ya ce kafin a zauna mu fara zagayawa da kai bayan ajin farko, ka sa yatsanka a tsagar bangon gabas ka faɗa mana ko tana ɗinkuwa ko sai mun sauke shi. Bismillah ranka ya daɗe, ta nan hanyar take.