Makarantar Kiɗa ko Malami Mai Zuwa Gida: Ina Za a Kai Yaro?

To jama'a, abubuwa uku na zo da su. Na farko, makaranta. Abin da makarantar kiɗa take da shi, wanda malami guda ba zai iya bayarwa ba, shi ne sauran yara. Yaron da ke kaɗa fiyano shi kaɗai, ko ya yi sauri ko ya ja ƙafa, shi ta shafa. Amma a sa shi cikin yara goma, dole ya buɗe kunne ya jira ɗan'uwansa. A kan wannan José Antonio Abreu ya kafa shirin koyar da yara kiɗa mai suna El Sistema a ƙasar Benezuwela a 1975, yara suna koyo tare cikin ƙungiya.

Na biyu, malami mai zuwa gida. Shi idonsa a kan yaro ɗaya yake: yadda ya zauna, yadda ya lanƙwasa yatsa, sai ya gyara tun kuskuren bai zama jiki ba.

Amma ku tsaya, ga inda nake so mu daɗe. Darasin ƙaramin yaro yawanci rabin awa ne a mako. Mako kuwa awa 168 ne. Rabin awa fa, jama'a! Sauran lokacin a hannun wa yaron yake? A hannunku. Akwai wani malamin goge irin na Turawa, mutumin Japan, Shinichi Suzuki, an haife shi a 1898, ya rasu a 1998, a garin Matsumoto ya yi koyarwarsa. Bawan Allah nan ya lura cewa kowane yaro yana iya harshen uwarsa ba tare da an kai shi aji ba, saboda kullum yana ji, kullum ana maimaita masa, in ya faɗi kalma ɗaya gida ya ɗauki murna. Ya ce haka za a koyar da kiɗa. Don haka a tsarinsa uwa ko uba yana zama cikin darasin, ya ga abin da aka koyar, ya koma gida ya zama malamin sauran kwana shida. Na ga iyaye maza suna sunkuyar da kai. E, har da ku, uwa ko uba na ce. Minti goma kullum ya fi awa biyu ranar jajiberin darasi, domin yatsu da maimaici suke koyo. Kullum, kullum. Kuma Suzuki bai zaɓi ɗaya ya bar ɗaya ba, yaro yana da darasinsa shi kaɗai, yana da na taro.

Na uku, jarrabawa. Hukumar jarrabawar kiɗa ta Ingila mai suna ABRSM, wadda aka kafa a 1889, tana da mataki 1 zuwa 8, kuma ɗalibin malamin gida ma yana iya zaman jarrabawar, don haka kada takardar shaida ta ɗaure ku.

Na'am, Hajiya? Tana tambaya yadda za a gane malamin da za a amince wa da yaro. Madalla, wannan ta fi jarrabawar muhimmanci. Hajiya, ki nemi darasin gwaji ki zauna a ciki. Ki ga abin da yake yi in yaro ya yi kuskure sau uku a jere: tsawa yake yi, ko raba wurin yake ƙanana-ƙanana? Ki tambayi iyayen ɗalibansa na da. Kuma ko a makaranta ne ko a falonki, malamin da ya ce ba ya son iyaye a kusa, ko sai an rufe ƙofa, kada ki bar masa ɗanki. Akwai wani hannu can baya, a miƙa masa abin magana.