Asabar ɗina a jujin Turawa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da safiya. Ku yi haƙuri da ƙugin iska, tara ta gota amma garin kamar asuba. Wannan tulin kwalayen da na rungumo ba ƙaura nake ba. Gidan wata Hajiya za mu, mutuniyar Kumasi ce, a masallaci muka saba. Jiya da daddare ta kira ni rai a ɓace, wai durom ɗin takin da na sa ta saya ya cika mata filin da ke bayan gidanta da ɗoyi, har maƙwabci ya fara leƙowa ta katanga.

Don waɗanda yau suka fara kallona: aikin sa kai nake yi a nan tsakiyar Ingila. Wata ƙungiya mai suna Garden Organic, wadda cibiyarta ke Ryton kusa da Coventry, tana horar da mutane yadda ake mayar da sharar kicin taki, su kuma su koya wa unguwa. Ba a biyan ko sisi. Ranar da na faɗa wa mahaifiyata a waya, sai da ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Wato ka ƙetare teku don ka zama sarkin juji?" Gaskiyarta. Kakana a wajen Kumbotso jaki yake ɗora wa mangala ya shiga birni ya kwaso taki ya kai gona, kuma babu wanda ya taɓa ba shi takardar shaida.

To mun iso. Salamu alaikum, Hajiya, ina kwana? Bari mu gani.

Subhanallahi. Ku gode wa Allah kyamara ba ta ɗaukar wari. Ku duba nan: ɓawon dankali, ɓawon ayaba, ruɓaɓɓen tumatir, ga ciyawar da aka yanke an zuba ta gaba ɗaya, duk sun cakuɗe sun zama kamar kunu. Babu ta inda iska za ta shiga, su kuma ƙananan halittun da ke cin sharar sai da iska suke aiki. Idan suka rasa ta, wasu ne ke karɓar aikin, masu wannan ɗoyin. Haka yake faruwa a manyan bololin da ake binne shara, har iskar methane mai ɗumama duniya ta riƙa fita. Gidajen Birtaniya kuwa suna zubar da abinci sama da tan miliyan 6 a shekara.

Abin da ya ɗaure mini kai farkon zuwana shi ne komai a juye yake. A gida rana ce ke busar da juji, sai ka yayyafa masa ruwa kafin ya ruɓe. Nan kuwa ruwa ne ya yi yawa, busasshen abu ake nema ido rufe. Shi ya sa na zo da kwali. A ɓare salatif ɗin da ke jiki, a yayyage shi kamar tafin hannu, a dunƙule, kada a shimfiɗa. Duk bokiti ɗaya na ɗanyen abu, a bi shi da bokiti ɗaya na busasshe: kwali, kwandon ƙwai na takarda, busasshen ganye. In kin damƙa kika ji danshi kamar soson da aka matse, ya yi daidai. In ruwa na bin yatsunki, ƙaro kwali.

Af, Hajiya, wannan ba ƙashin kaza ba ne? Ga shinkafa da miya ma. A'a, ban da dafaffen abinci, ban da nama da kifi da madara, su ke gayyato ɓera. Wannan na ɗan bokitin hukuma ne, tunda dokar Ingila ta ɗora wa ƙananan hukumomi kwashe ragowar abinci daga gidaje duk mako, daga 31 ga Maris 2026. Kwana biyun nan ina shan tambaya a kan haka, wai tunda mota za ta zo me ya sa za a wahala? Ni dai amsata ɗaya: wanda mota ta ɗauka ya tafi ke nan, ke kuma bazara na zuwa za ki je kanti ki sayi buhun taki da kuɗinki don ɗan alayyafon nan naki.

Tsaya, tsaya, bari in matso da kyamara. Kun ga can ƙasa? Jajayen tana ne, sun dunƙule kamar taliya. Babu wanda ya zuba su, da kansu suka hauro, don durom ɗin ba shi da gindi, a kan turɓaya ake girka shi. Hajiya ta ja da baya tana a'uziyya! Ai Hajiya waɗannan su ne ma'aikatanki, tunda suna nan durom bai mutu ba. A sanyin ƙasar nan sai ya ɗauki wata 9 zuwa shekara kafin ki buɗe 'yar ƙofar ƙasa ki ga ya yi baƙi, yana ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari.

Na juya shi, na rufe, bayan mako uku zan dawo mu leƙa tare. Yanzu Hajiya ta rantse ba zan fita ba sai na ci wake da shinkafarta, ta kuma ce in wanke hannu sau uku da sabulu kafin in taɓa mata cokali. Bari in ajiye kyamarar nan.