Hoton tauraron ɗan'adam ya cinye maka RAM? Duba nau'in lambobinka

Assalamu alaikum. Ku dubi allon nan: madatsar ruwa ta Goronyo ce, ga Gulbin Rima, ga fadamun albasa da shinkafa. Tauraron Sentinel-2 ne ya ɗauko hoton. Falle ɗaya yana da ɗigo 10,980 a tsaye, 10,980 a kwance, wato sama da miliyan 120, kuma kowane ɗigo lamba ce. Hoton yana zuwa ne launi-launi, kowane launi da lambarsa.

Ana ajiye lambobin a nau'in uint16, wato cikakkun lambobi marasa ɓari, bayit 2 kowace, daga 0 zuwa 65,535. Launi ɗaya yana cin megabayit kusan 241. To amma wasu manhajojin, da ka ce su fitar maka da matsakaici, sai su mayar da komai float64, nau'in lamba mai ɗaukar ɓari, mai bayit 8. Nan take launin ya koma megabayit 964. Ka ɗora launi biyu ko uku, kwamfutar ɗalibi mai RAM (ma'ajiyar da take aiki da ita nan take) gigabayit 4 ta tsaya cik.

Sai wani ya ce, to a bar su a uint16 ɗin mana. Nan ne haɗarin ya fi yawa. Wajen auna koren shuka da ma'aunin da ake kira NDVI, ana debe launi na 4 (ja) daga na 8 (hasken infrared da ido ba ya gani). A kan ruwa, na 4 yakan fi girma. A ce 300 ne a debe 500. Nau'in uint16 bai san lambar da ta gaza sifili ba, sai ya ba ka 65,336 maimakon -200, ba tare da ya yi maka gargaɗi ba. Wannan ya fi damuna, domin kwamfutar da ta tsaya ka ga ta tsaya, wannan kuwa ba ka ganinsa, sai taswirar mai kuskure ta kai hannun malamin gona.

Ku yi yadda mai awo ke yi da buhun gero, mudu-mudu. Manhajojin GDAL da rasterio suna ba ka damar karanta hoton yanki-yanki, a ce 512 sau 512. Yankin da ke hannunka kaɗai za ka mayar float32, mai bayit 4, ka cire ɗigon da aka yi wa alamar babu bayani, ka yi lissafi, ka sake shi.

Jimlar kuma a tara ta a float64. Bayan 16,777,216, float32 yakan fara tsallake lambobi, ga shi ɗigonmu sun haura miliyan 120.